Ɗura a gida, rama a birni: ɗaliban Damargu da ɓacin tsarin cin abinci

Duk wanda ya miƙe cikin taro a Tanut ko Belbeji ya ce zai yi magana a kan cutar cin abinci, za a dube shi a yi dariya, a ce masa cutar da muka sani a Damargu ita ce ta rashin abincin. Masu faɗin haka suna da hujja. Dattawa ba su manta da farin 1973 da 1974 ba, sa'ad da garkuna suka ƙare a daji. Ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda aka laƙaba wa suna El-Buhari. Yawancin yaran da ke jami'a yau kuwa an haife su ne kusa da 2005, suna ƙanana kuma aka yi ta 2010, shekarun da mata suka koma tsinkar anza suna jiƙa ta kwana da kwanaki domin ɗacinta ya fita a samu abin kai wa baki.

Duk da haka akwai cutar da ke kama mutum alhali akushi na gabansa. Wani ya ƙi ci har ya rame ya lalace, wani ya ci ya wuce ƙima sa'an nan ya je ya amayar, wata kuma ta dinga haɗiyar ƙwayoyi domin jikinta ya cika. Likitoci sun lura cewa irin waɗannan halaye sun fi kama matasa, tun daga balaga har zuwa shekara ashirin da ƴan kai, wato daidai lokacin da yaro ke barin gidan iyayensa ya tafi lise ko jami'a. Tun da aka buɗe jami'ar Damagaram a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan André Salifou, ɗan Damargu da ya ci jarrabawar bak ba dole ne ya tafi Yamai ba. Amma ko Damagaram ɗin ma wata duniya ce ga wanda ya tashi a bakin rijiya.

Jikin da gida ke so

Tenhiya ƙaramar hukuma ce ta makiyaya a arewacin gundumar Tanut, inda gonakin gero suke ƙarewa daji ya fara. Arzikin wurin raƙuma ne da shanu da awaki, abincinsa nono da cuku da fura. A irin wannan ƙasa jikin mace labari yake bayarwa. Idan ta cika, an san garken ubanta yana da madara, mijinta kuma yana riƙonta da daraja. Idan ta rame sai a shiga tambaya, ko ciwo take, ko kishiya ce ta sa ta gaba, ko kuwa gidan ne babu. Manoma ma haka suke gani. Mai jego da ta je wankan gida, in ta yi arba'in ta koma ɗakinta ba ta murje ba, iyayenta ne ke jin kunya. Zabarmawa kuwa har biki suke da shi na ƙibar mata, wanda suke kira hangandi.

Inda abin ya fi ƙarfi shi ne ɗura. Wata masaniyar al'adu mai suna Rebecca Popenoe ta zauna cikin Larabawan Azawak, a arewacin jahar Tawa, ta kuma wallafa abin da ta gani a 2004. Da zarar yarinya ta fara famfara sai wata tsohuwa, kaka ko gwaggo, ta sa ta gaba da ƙwaryar madara da kunun gero, safe da dare. In ta ƙi a tsorata ta, ko a mintsine ta, har ta shanye. Nankarwar da ke fitowa a hannu da cinya ado ce a wurinsu. An san wannan al'ada a wasu manyan gidajen Abzinawa, an kuma san ta a Muritaniya, inda binciken lafiyar jama'a na 2000 zuwa 2001 ya nuna kusan mace ɗaya cikin biyar an yi mata ɗura.

Fari ya rage wannan al'ada fiye da yadda wa'azi ya rage ta, domin wanda ba shi da saniyar tatsa ba shi da madarar ɗura. Sai dai sha'awar ƙibar tana nan, ƙwaya kuma ta maye gurbin ƙwarya. A kasuwanni, a farantin masu tallar magani, akwai abin da ake kira sha-ka-fashe. Galibi magani biyu ne ke cikinsa. Na farko siproheptadin, wanda aka yi shi domin borin jini da ƙaiƙayi, amma yana buɗe ciki yana kuma sa barci. Ɗalibar da ke shansa za ka gan ta tana gyangyaɗi a aji tun hantsi. Na biyu deksametazon, kuma shi ne abin tsoro. Magani ne na ƙwarai a hannun likita, ana ba da shi ga mai fuka mai tsanani, a 2020 ma an gano yana ceton ran waɗanda korona ta kwantar. Amma wadda ta sha shi wata da watanni don ado, abin da take gani a madubi kumburi ne. Fuska ta zagaye kamar faifai, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannu da ƙafa su sirance, fata ta tsage. A ciki kuwa hawan jini ne da ciwon sukari, ƙashi ya yi rauni, jiki ya kasa kare kansa daga cuta. Wani abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, jikin da ya saba da wannan ƙwaya yana daina yin irinta ta halitta, saboda haka wadda ta tsorata ta yanke sha rana ɗaya tana iya faɗuwa, har ta rasa ranta. Sai likita ya rage mata kaɗan-kaɗan.

Jikin da birni ke so

To, a ɗauki yarinyar da ta tashi cikin wannan ra'ayi a kai ta jami'a, a ba ta salula. Hotunan da za ta gani dare da rana a Facebook da TikTok wani jiki suke yabo: ƙugu siriri, ciki a lafe, ƙirji da mazaunai a cike. Da yawa daga cikin hotunan nan an gyara su da na'ura, masu su ma ba haka suke ba. Ga kuma masu tallar shayin rage tumbi a shafi ɗaya da masu tallar maganin ƙiba. Sai ka tarar da yarinya guda tana shan ƙwayar cika jiki da dare, da safe ta sha filasko ko shayin da ke sa zawo wai don ciki ya faɗa. Hutu ya zo ta koma gida, gwaggo ta dube ta ta ce, “Ɗiyata, yunwa suke bar ki da ita a can?” Ta dawo makaranta, ƙawa ta ce, “Ke, kin zama buhu.” Kowanne cikinsu da ƙauna ya yi maganar, ita kuwa jiki ɗaya gare ta.

Kada a ce al'adarmu ta son ƙiba garkuwa ce. Mutanen tsibirin Fiji, can cikin tekun Fasifik, su ma suna yabon mai jiki, wanda ya rame kuma a tausaya masa. A 1995 talabijin ta isa wani yankinsu. Wata likita mai suna Anne Becker ta yi wa ƴan matan makaranta tambayoyi a shekarar, ba ta samu ko ɗaya mai amai da gangan don rage jiki ba. Da aka sake tambaya a 1998, sai aka samu fiye da 11 cikin 100. Shekara uku kacal, da tashar talabijin guda. Mu kuwa kowane ɗalibi tasharsa na aljihunsa.

Cututtukan da ke bin wannan hanya suna da suna. Anoreksiya ita ce ƙin ci saboda tsoron ƙiba, likitoci biyu ne suka bayyana ta a 1873, William Gull a Ingila da Charles Lasègue a Faransa. Mai ita tana ganin kanta da ƙiba ko da haƙarƙarinta ya fito, haila ta ɗauke, gashi ya zube, sanyi ya dame ta ko cikin bazara. Tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Bulimiya kuwa Gerald Russell ne ya bayyana ta a 1979: a ci da yawa a ɓoye, a yi nadama, a sa yatsa a maƙogwaro. Aman yana cinye haƙora, yana kuma zubar da wani gishirin jini da ake kira fotasiyam, wanda rashinsa ke rikita bugun zuciya. Mai bulimiya sau da yawa jikinta daidai yake, shi ya sa ake shekara da ita ɗaki ɗaya ba a sani ba. Ta uku ita ce cin da mutum ba ya iya tsayar da shi, ba tare da amai ba. Samari ma suna kamuwa da dukansu, sai dai sun fi ɓoyewa.

Wani bincike da aka yi a kan ƴan matan makarantun sakandare a Gana, aka buga shi a 2004, ya ƙara mana haske. Cikin ɗalibai 668 an samu 10 da suka ramar da kansu da gangan, amma ba don tsoron ƙiba ba. Su a ganinsu horon kai ne da ibada. Wannan ya kamata malamanmu su lura da shi. Azumin nafila abu ne sananne mai lada, amma yarinyar da ke fakewa da shi kullum, a yi buɗa-baki ta kurɓi ruwa ta tashi, tana buƙatar a zauna da ita.

Abin da yunwa ke barin wa mutum

Akwai kuma abin da ya fi kusa da mu. A 1944 da 1945, a jami'ar Minesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 lafiyayyu waɗanda suka yarda da kansu, ya rage musu kusan rabin abincinsu har wata shida. Abin da ya biyo baya ba zai ba wa mutumin Damargu mamaki ba. Ba su da zance sai na abinci, ba su da mafarki sai nasa, suka zama masu saurin fushi, karatu ya gagare su. Da aka sake musu abinci, wasunsu suka dinga ci har su yi rashin lafiya, kuma suka daɗe a haka. Ashe yunwa da kanta tana koya wa jiki haɗama. A 2017 wani bincike a birnin San Antoniyo na Amurka, cikin masu karɓar taimakon abinci waɗanda yawancinsu ƴan asalin ƙasashen masu jin Sifaniyanci ne, ya nuna cewa gidajen da yunwa ta fi tsanani su ne aka fi samun wannan ci marar linzami.

A auna wannan da rayuwar ɗalibi. Idan kuɗin tallafin karatu ya yi jinkiri, aike kuma bai zo daga gida ba domin bazara ce dabbobi ba su da daraja a kasuwa, sai ya wuni a kan garin rogo da sukari, ko shayi da burodi. Ranar da kuɗi suka shigo ya cika ciki har ya kasa tashi. Wata ya bi wata a haka, shekara uku. Wanda ya gan shi ranar biya zai ce zari ne da shi, alhali bai san kwanakin da suka gabata ba.

Tambayoyin da ake auna ɗalibai da su

Yaya ake gane mai wannan matsala cikin ɗaruruwan ɗalibai, tun da ba ta fitowa a gwajin jini? Hanya ta farko ma'auni ne. A ɗauki nauyin mutum da kilo, a raba da tsawonsa da mita wanda aka ninka da kansa. Misali, mai tsawon mita 1,60 da nauyin kilo 45: a ninka 1,60 sau 1,60 a samu 2,56, a raba 45 da shi a samu 17,6. Abin da ya kasa 18,5 rama ce, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 teɓa ce. Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci zai iya wannan lissafi. Sai dai ma'auni ba ya faɗin dalili, kuma ba ya kama mai bulimiya.

Saboda haka aka shirya takardun tambayoyi. A 1979 Garner da Garfinkel na birnin Toronto a Kanada suka fitar da mai tambaya 40, aka taƙaita ta zuwa 26 a 1982. A 1999 wasu likitocin Landan suka fitar da wata mai tambaya 5 kawai, ana kiranta SCOFF, wanda ya amsa “i” sau biyu sai a tura shi ga likita. Takardar ba ta yanke hukunci, rariya ce kawai.

A nan ƙasashen masu jin Sifaniyanci suna da abin da za su koya mana. Ba su ɗauki takardun nan suka juya kalma da kalma suka raba ba. A Sifen an fassara mai tambaya 40 aka gwada ta a kan marasa lafiya da masu lafiya kafin a buga ta a 1991, don a tabbatar tana rarrabe su. Mai tambaya 5 ma an gwada ta a Sifen da Kolambiya. A Meziko kuwa Claudia Unikel da abokan aikinta suka tsara tasu ta gida mai tambaya 10 a 2004, har gwamnati ta sa ta cikin binciken lafiyar ƙasa na 2006. Harshe ɗaya suke ji da Sifen, amma suka ga tukunyarsu daban ce.

Duk wanda ya taɓa aikin fassara ya san inda gizo ke saƙa. Mu duba tambayoyin nan biyar da idon ɗan Tenhiya. Ɗaya tana tambaya ko mutum ya rasa fiye da kilo 6 cikin wata uku. Makiyayin da ya bi garke daga rani zuwa faɗuwar ruwa zai ce i, haka wanda masassarar cizon sauro ta kayar sau biyu a damina. Wata tana tambaya ko abinci ya mamaye tunanin mutum. Ɗalibin da aljihunsa ya bushe zai ce i, da gaskiyarsa. Ga “i” biyu ke nan, takarda ta kama wanda ba shi da cutar. Wata kuma tana tambaya ko mutum na ganin kansa da ƙiba alhali jama'a na cewa ya rame. Wannan tana neman mai tsoron ƙiba, ba ta san da mai tsoron rama ba. Yarinyar da ke haɗiyar deksametazon kullum za ta amsa “a'a” sau biyar ta wuce lafiya lau, ita da ta fi kowa shiga haɗari.

Kalmomin ma kansu suna da tarko. A Turanci da Faransanci kalmar mai kitse zagi ce. Da Hausa in ka ce wa mace ta yi ƙiba yabonta ka yi, in ka ce teɓa ka ɓata mata, in ka ce tumbi wani abu ne daban. Wacce za a sa a takarda? Ga kuma Tamajak da Fulatanci, kowanne da nasa. A ganina duk takardar da za a raba wa ɗalibanmu sai an ƙara mata aƙalla tambaya uku: ko mutum na shan wani magani don ya ƙara jiki, ko an taɓa tilasta masa ci, ko kuma ya wuni bai ci ba a wannan wata saboda rashin kuɗi. Kuma kada a raba ta sai an tanadi wanda zai karɓi waɗanda ta kama. Tambayar yarinya sirrinta sa'an nan a bar ta da shi cutarwa ce.

Tare hanya tun da wuri

Abin da aka fara yi a ƙasashen waje shi ne lacca: likita ya tsaya ya lissafa illolin cuta, ɗalibai su saurara. An ga ilmi na ƙaruwa amma hali bai cika sauyawa ba, wani lokaci ma laccar kan koya wa wasu dabarar da ba su sani ba. Sai wani masani a Amurka mai suna Eric Stice ya juya abin. Ana tara ƴan mata kaɗan, zama huɗu na awa ɗaya-ɗaya, su da kansu su kawo hujjojin da ke rushe wannan jiki na hoto: nawa yake ci, wa ke cin ribarsa, me za su gaya wa ƙanwarsu in ta fara binsa. Dalilin shi ne, wanda ya soki abu da bakinsa a gaban jama'a yana jin nauyin komawa gare shi. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna kamuwa da cutar ta ragu da kimanin kashi 60 cikin 100 a tsawon shekara uku. Daga baya an ga ɗalibai da aka horar suna iya jagorantar zaman, an kuma gwada tsarin a kan ɗaliban jami'a a Meziko. Hukumomi ma sun sa hannu: a 2006 gwamnatin yankin Madrid ta hana matan da lissafin jikinsu ya kasa 18 fitowa a babban bikin nunin tufafi, Faransa kuma tun 2017 ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla idan an gyara surar mai shi.

Wannan tsari ba ya buƙatar na'ura ko gini. Mun saba da irinsa, domin haka ake zama a cibiyoyin yaƙi da jahilci, a kafa tambaya kowa ya faɗi ra'ayinsa. Abin da za a sauya shi ne, a nan jiki biyu za a sa a faifai, na hoton salula da na gwaggo, tare da farantin mai talla. Jahar Damagaram ta riga ta nuna ana iya danƙa awo a hannun talakawa: a gundumar Mirya aka koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da ɗan zare mai launi uku, ja ya nuna ƙasa da milimita 115, suka kuma iya. Ƙungiyoyin ɗalibai ƴan asalin Tanut da Belbeji, waɗanda suka san wanda ya zo daga wace rijiya, su ne suka fi dacewa da wannan aiki, ma'aikatan gidan likita na makaranta suna bayansu. Hukumomin gunduma da na gari kuwa nasu shi ne kasuwa, inda ake sayar da deksametazon kamar alewa alhali doka ta ce sai da takardar likita.

Ga abokan ɗaki da iyaye, alamomin da za a lura da su ba su da wuya: mai tashi zuwa bayan gida da zarar an gama ci, mai cewa kullum ta riga ta ci, mai ɓoye abinci, wadda fuskarta ta kumbura cikin ƴan makonni, wadda hailarta ta ɗauke wata uku ba ciki. A same ta ita kaɗai, a yi maganar lafiyarta da barcinta da karatunta, a bar zancen ta rame ko ta yi ƙiba. In ta rame ƙwarai, kada a ce za a rama mata da babban akushi. Ma'aikatan cibiyoyin farfaɗo da yara masu tamowa a Tanut da Damagaram sun san dalilin da ya sa suke fara wa yaro da madara mai sauƙi kaɗan-kaɗan: jikin da ya daɗe da yunwa, in aka cika shi farat ɗaya, gishirin jininsa kan rikice zuciya ta tsaya. Babba ma haka yake, saboda haka kwanakin farko na ciyarwa a gidan likita ake yin su.